Abin da Doki Zai Iya Ɗauka: Makaman Sojojin Tsauni na Romaniya a Yaƙin Duniya na Biyu



Hujjar da wannan takarda ta zo da ita guda ɗaya ce. Duk wani makami da aka ba sojan tsauni na Romaniya, an auna shi ne da abin da bayan doki da kafaɗar mutum za su iya ɗauka. Wannan awo ya yi musu rana a kan duwatsu, ya kuma jawo musu asarar rayuka duk lokacin da manyan hafsoshi suka sauko da su fili.

An kafa rundunar, wadda ake kira Vânători de munte, a ranar 3 ga Nuwamba 1916, lokacin da sojojin Jamus da suka ƙware a hawan dutse suke ƙoƙarin fasa mashigan tsaunukan Karpatiya. A 1917 ta yi gwajinta na farko a Cireșoaia da Coșna, inda Erwin Rommel, yana ƙaramin hafsa a lokacin, yake ɗaya ɓangaren. Kafin 1941 ta kai birged huɗu, waɗanda aka ɗaga zuwa dibishin a 1942.

Bindigar da kowane soja ya rataya ita ce ZB vz. 24, ƙirar birnin Brno na Cekoslobakiya, mai cin harsashin milimita 7.92. Amma ƙarfin wutar ƙaramin rukuni yana hannun mai riƙe da ZB vz. 30, wadda Romaniya ta sayi lasisinta tana ƙerawa a Cugir. Nauyinta wajen kilo 9 ne, gidan harsashinta na ɗaukar 20 kuma a samanta ake cusa shi, don haka mai harbi na iya mannewa da ƙasa a bayan dutse ba abin da ya tokare shi. Idan bututun ya yi zafi, a murɗe shi a sa wani nan take. Ga kuma babbar mai jigida, ZB-53. Dukkansu ukun harsashi iri ɗaya suke ci, kuma wanda ya san wahalar kai kaya kan tsauni ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne: akwati ɗaya ya ishi kowa.

Inda awon dokin ya fi fitowa fili shi ne igwa. Igwar tsauni ta Skoda mai bakin milimita 75, samfurin 1915, nauyinta ya ɗan haura kilo 600. Ana kwance ta kashi shida, bututu daban, ƙafafu daban, gindi daban, kowane kashi a ɗaure kan sirdin dabba guda. A lura, dabbobi shida ke nan ba a ɗauki harsashi ko ɗaya ba, ba a ɗauki abincin dabbobin ba, kuma kowace dabba na son mai ja. Dokin Huțul na Karpatiya, gajere mai ƙarfin kofato da jure sanyi, shi ya dace da wannan aiki. Idan ɗaya ya zame ya faɗa kwazazzabo da bututun, sauran biyar tarkacen ƙarfe suke ɗauke da shi. Sai kuma morta ta Brandt mai milimita 60 da 81, wadda ke cilla bam sama ya faɗo a bayan tudu, inda igwa ba ta gani. Sauran kaya sanannu ne: igiya, gatarin sarar ƙanƙara, katakon zamiya, farar riga ta ɓad da kama, da faffaɗar hular da aka san su da ita.

Da waɗannan kaya dibishin ta 2 ƙarƙashin Janar Ion Dumitrache ta kama Nalchik a gindin tsaunukan Kokasus a ƙarshen Oktoba 1942. Da su kuma aka yi ta fama a tuddan da suka kewaye Sevastopol har garin ya faɗi a Yulin wannan shekara. A irin wannan ƙasa mota ba ta da amfani, tanka ma sai ta bi hanya.

Amma a duba Satumba 1941, a filin da ke arewa da Tekun Azov, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ba tudu ba kwari. An jera birged-birged na tsauni su tsare dogon layi, sojojin Sobiyet suka auka musu da tankoki, aka fasa layin birged ta 4. Ba rashin zuciya ba ne. Makaman fasa tanka da Romaniya ke da su a lokacin masu milimita 37 da 47 ne, kuma ba su wadata ba. Igwar Skoda kuwa, gajeren bututunta ba don sulke aka yi shi ba. A ganina laifin na masu tsara yaƙi ne, waɗanda suka ga rundunar da ta fi kowace horo suka mai da ita abin toshe kowace ɓaraka.

Akwai kuma matsalar inda kayan suke fitowa. Tun da Jamus ta mamaye ƙasar Cek a Maris 1939, masana'antun Brno da Skoda suka koma hannunta, sai abin da ta ga dama ta saki, Romaniya na biya da man fetur na Ploiești. Ƙoƙarin ƙera na gida ya zo a makare. Ƙaramar bindiga mai sarrafa kanta ta Orița, mai milimita 9, sai 1943 ta fara isa hannun sojoji. Igwar fasa tanka ta Reșița mai milimita 75, wadda ta yi kyau ƙwarai, sai 1944 ta shiga fage, kuma nauyinta ya fi tan ɗaya, sai dai a ja ta.

Bayan 23 ga Agusta 1944, da Romaniya ta juya wa Jamus baya, kafar sayen makamai daga can ta toshe. Dibishin ta 3 ta Janar Leonard Mociulschi ta yi yaƙi a yammacin Tiransilbaniya, daga baya sojojin tsaunin suka haura duwatsun Silobakiya a 1945, duk da tsofaffin kayan da suka rage musu. Abin da ya ɗan taimaka shi ne harsashin bindigar sojan Jamus ma milimita 7.92 ne, don haka duk akwatin da aka ƙwace yana shiga bindigoginsu.