Yis, Raƙumin Dakon Ƙwayoyin Gado



Yis ɗin nan da ake kwaɓa fulawa da shi don burodi ya tashi, a kansa zan yi magana, amma ba ta fuskar gidan burodi ba.

Kun sani gadon da mutum ya samu daga iyayensa a rubuce yake cikin DNA, haruffa wajen miliyan 3,000. Mai son nazarin wani yanki sai ya yanko shi, ya cusa shi cikin wata ƙanƙanuwar halitta, ita kuwa duk sa'ad da ta rabu biyu sai ta kwafe shi. Da fari bakteriya ake ɗora wa wannan kaya, amma jaka ce, ko da dabara ba ta ɗaukar fiye da haruffa 45,000.

A 1983 Andrew Murray da Jack Szostak suka ƙera wa yis kuromosom na hannu. Abu uku suka haɗa: wurin da kwafi ke somawa, da ƙullin tsakiya inda ake jan sa lokacin rabuwa, da murfi a kowane baki don kada ya zaizaye. Yis ya riƙe shi tamkar ɗaya daga cikin nasa 16. A 1987 Burke da Carle da Olson, a St. Louis ta Amurka, suka mai da shi raƙumin dako, har aka kai ga laɓta masa haruffa miliyan guda.

To, amma raƙumin yana da hali. Sau da yawa yakan liƙa yankuna biyu da ba su haɗa hanya ba, ko ya zubar da wani a ɓoye. Shi ya sa masu karanta gadon ɗan Adam, waɗanda suka kammala a 2003, suka koma ga irinsa na bakteriya da aka ƙera a 1992.

Ni dai inda abin ya taɓa ni shi ne sikila, wadda ba wanda bai san gidan da ta shiga ba. A 1993 aka yi amfani da kuromosom na yis aka sanya wa ɓera dukkan yankin da ke sarrafa jan sinadarin jininmu, aka ga yadda irin na ɗan tayi ke mutuwa, na manya ya maye gurbinsa. Na tayin kuwa shi ke hana ƙwayar jini lanƙwashewa, kuma maganin da aka amince da shi a Ingila da Amurka a 2023, farfaɗo da shi yake yi.