Zaman Kurmi: Ina Muke Kai Ranar Hutunmu?

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya ya gabatar a taron zumunci na shekara-shekara a Sabo, Ibadan

 

Da sakatare ya same ni a kan in yi magana yau, sai na ce masa ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, abin da na sani shi ne huhun goro da lissafin kuɗin mota. Ya ce ai shi ya sa. To, ga ni. Zan yi magana a kan wani abu da muke rainawa, wato ranar hutu: inda muke zuwa, abin da muke ci, abin da muke saurare, da kuma waɗanda muke zama da su. Wani zai ce wannan ai hirar shayi ce, ba ta taro ba. Ku ba ni aron kunnuwanku tukuna.

Na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Dugbe a 1983, ina saurayi, da jakar leda ɗaya da wasiƙa zuwa ga maigidan da zai karɓe ni. Na ɗaga kai na ga dogon benen nan na Cocoa House, wanda aka gama a 1965, har hulata ta kusa faɗuwa. Niyyata in yi rani ɗaya in koma. Yau ga shi ina da jikoki da aka yanke wa cibi a nan. Na tabbata rabin waɗanda ke zaune a wannan rumfa haka labarinsu yake. Kowa ya zo ne da “baɗi zan koma”, baɗin kuwa har yau ba ta zo ba.

Ba mu muka fara ba. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, bayan kamar shekara 10 dogo ya kai Kano, sai shanu suka riƙa gangarowa Kudu, goro yana haurawa Arewa. A 1916 aka keɓe wa kakanninmu wannan unguwa ta Sabo. Wani malamin jami'a daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna cikinsu a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafi a kansu a 1969. Abin da ya gani shi ne abin da muka taras: komai na Sabo a kan maigida yake tsaye. Baƙo ya zo da shanunsa, maigida ya ba shi masauki da tuwo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashin mahauta. Ba takarda, ba lauya, sai amana da cin abinci a kwano ɗaya. Wato kenan tun asali cinikinmu a kan zumunci aka gina shi. In zumuncin ya mutu, cinikin ma ba zai yi tsawon rai ba.

To, yanzu mu dubi kanmu. Yaya makon ɗan Sabo yake? Asuba ta yi, an yi salla, an sha koko da ƙosai ko shayi a tsaye. Wani ya nufi Bodija, wani Sasa, wani kara wurin dabbobi, 'yan canji sun jeru a bakin titi, masu tsire sun fara yanka da soke nama tun kafin la'asar, samari sun hau babura. Litinin zuwa Asabar ba numfashi. Lahadi ta zo, kasuwa ta yi sanyi, sai mutum ya miƙe a kan benci da waya a hannu, yana kallon abin da ke faruwa a Kano da Katsina, har magariba. Gangar jiki a Ibadan, zuciya a Arewa, ga shi ba ya nan, ba ya can. Na san mutumin da ya shekara 20 a garin nan bai taɓa hawa Oke-Are ya ga hasumiyar Bower ba, alhali kuwa tun 1936 take tsaye a wurin, in ka hau ta za ka ga jajayen kwanukan Ibadan har iyakar ganinka. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Mu kuma kada mu yarda Sabo ta zama mana turke.

A zamaninmu ba haka muke yi ba, kuma ba don mun fi ku kuɗi ba ne. Mu shida ne abokai, kowane ƙarshen wata mukan haɗa kuɗin mota mu fita ranar Lahadi. Mun fara da kusa: gidan zu na Jami'ar Ibadan, lambun Agodi, da Mapo, babban ɗakin taron nan na kan tudu da aka gama a 1929. Daga nan muka miƙe zuwa Abeokuta, muka hau dutsen Olumo, inda Egbawa suka fake lokacin yaƙe-yaƙe wajen 1830. Da muka sauko muka shiga kasuwar Itoku wurin masu adire, sai wani abokinmu ɗan Ƙofar Mata ya tsaya cak, ya ce, “Kai, wannan ai rini ne irin na gidanmu!” Nan ya zauna da wata tsohuwa, ba ta jin Hausa, shi kuma Yarabancinsa bai wuce gaisuwa ba, amma suka shafe awa guda suna nuna wa juna yadda ake ɗaurin zane kafin a tsoma shi a baba. Mun je Shagamu mun ga itacen goro da idonmu, mu da muka shekara muna sayar da shi ba mu san yadda kwafsarsa take a reshe ba. A can na lura Yarabawa na kiran irin goron da muke saye da sunan gbanja, wato Gwanja ɗin nan tamu da fatake ke zuwa a da. Mun je Erin-Ijesha mun ga ruwa na zubowa daga kan dutse hawa-hawa, mun je Ikogosi inda ruwan ɗumi da na sanyi suke haɗuwa. Mun kuma je Bar Beach a Ikko, wanda yanzu babu shi, an cike wurin da yashi ana gine-gine. Ku yanzu ma kun fi mu sauƙi, don tun 2021 ga sabon jirgi daga Moniya, ya tsaya Abeokuta, ya tsaya Agege, cikin ƙasa da awa 3 kana Ikko. Tafiya mabuɗin ilimi, in ji masu iya magana, kuma kowane garin da na lissafa akwai 'yan'uwanmu a ciki ko kusa da shi. Abeokuta akwai Sabo, Shagamu akwai Sabo, Agege kuwa ba sai an faɗa ba. Zumunta a ƙafa take.

Sai batun abinci. Ranar da aka fara ajiye mini amala da ewedu da gbegiri, na dube ta baƙa ƙirin, na ce a raina yau na shiga uku. Na ci don kunya. Yau in na kwana biyu ban ci ba sai in ji kamar an rage mini wani abu. Da na natsu sai na ga tazarar ba ta kai yadda nake zato ba. Ewedu ai lalo ne. Gbegiri miyar wake ce. Iru ita ce daddawa, daga kalwar ɗorawa guda ake yin su. Akara ƙosai ne, moin-moin alale ne, ponmo kuwa ganda ce. Su ma fa haka suke ji game da namu. Ku duba layin motocin da ke tsayawa a Sabo da daddare saboda tsire da balangu da kilishi, ku ƙirga nawa ne na Hausawa a ciki. Ibadan kaf ta san hanyar tukubarmu, amma mutum nawa ne suka san hanyar zaurenmu? Muna sayar musu, ba ma kiran su. Ga shi kuwa an ce “zo mu ci tuwo” ya fi tuwon daɗi.

Ina roƙon iyayenmu mata kuma, don Allah kada tukunyar gida ta mutu. Yaron da aka haifa a Mokola, in bai ci tuwon dawa da miyar kuka a gidan ubansa ba, in bai san dambu da fate da ɗan wake ba, ranar da aka kai shi Arewa zai zama baƙo a gidan kakarsa. Na ga wannan da idona a kan jikana, ya ture kwanon tuwo ya ce a dafa masa taliyar leda, kakarsa ta juya baya tana share hawaye. Laifin ba nasa ba ne, namu ne.

Kiɗa ma haka. Mu da kaset muka yi zaman kewa. Lahadi da yamma a shimfiɗa tabarma, a sa Shata, a sa Ɗanƙwairo, a sa Ɗanmaraya Jos, mata a ciki suna jin Barmani Choge. Duk sun riga mu gidan gaskiya: Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015, Allah ya jiƙan su. A lokacin kuma ta katanga muna jin na maƙwabta: apala na Haruna Ishola, sakara na Yusuf Olatunji, fuji na Sikiru Ayinde Barrister. Wanda ya kasa kunne zai ji goge a cikin sakara, har sunan ma goje suke ce masa, gangan ɗinsu kuwa ɗan'uwan kalangu ne. Shi kansa fuji daga kiɗan tashin mutane sahur a watan azumi ya samo asali, abin da mu ma muka sani a garuruwanmu. Ba na cewa kowa ya koma makaɗi, malamai na zaune, kuma kowa ya san iyakar da addini ya sa. Abin da nake cewa shi ne, mutanen da ke ta da juna sahur da ganga, suke ce wa albasa alubosa, albarka alubarika, mu kuma muka karɓi ashana da agogo da akawu daga bakinsu, ba baƙin juna ba ne kamar yadda 'yan siyasa ke so mu ɗauka.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na yarda na tsaya a gabanku. Dattawa na tune da abin da ya faru a Shagamu a watan Yuli na 1999, da yadda wutar ta haura har Kano. Ku kuma samari kun ga na kasuwar Sasa a watan Fabrairu na 2021. Gardama ce ƙarama ta mutum biyu-uku, kafin a ankara an rasa rayuka, an ƙone shaguna da gidaje, na Hausawa da na Yarabawa. A ranar ɗan ƙanena yana can, ya rasa ta inda zai fita. Wanda ya ja shi cikin gida, ya kulle ƙofa, ya ɓoye shi kwana biyu, wani Bayarabe ne makanike. Me ya haɗa su? Ba ciniki ba ne. Ƙwallo ce. Tare suke zuwa filin Adamasingba kallon Shooting Stars, in Kano Pillars ta zo su yi ta tsokanar juna, a tashi a zo Sabo a ci tsire, wata Lahadin kuma a je gidan makaniken a ci amala. Abin da wani zai kira ɓata lokaci, shi Allah ya sa ya zama sanadin tsirar yaron. Ranar tashin hankali ba a ƙulla abota, wadda aka ƙulla ranar Lahadi ita ake ci. Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai kuma na cikin gida. Shekarun baya wani yaro ɗan acaba ya yi hatsari, aka kai shi wani asibiti, ya kwana uku kafin labari ya iso mana, ya cika ba kowa a kansa. Muka yi masa sutura, amma mun fi wata muna neman wanda ya san garinsu. Yana kwana a cikinmu, yana salla a sahunmu, ba wanda ya taɓa cewa, “Yaro, daga ina kake? Zo mu ci abinci.” Wannan abin kunya ne a unguwar da aka san ta da saukar baƙi.

Saboda haka ina gabatar wa ƙungiya shawarwari guda 4, in an ga sun dace a miƙa wa kwamiti. Na ɗaya, a ware Lahadin ƙarshe ta kowane wata don fita ziyara, a fara da cikin gari, sannan Abeokuta, Shagamu, Ogbomosho da Agege, a kafa asusu na musamman, kowa ya sa gwargwadon ƙarfinsa, a tafi da yara, a kuma yi wa mata nasu tsarin yadda ya dace. Na biyu, duk maigidan da ke nan ya ɗauki aƙalla yaro ɗaya cikin sababbin zuwa, ya san sunansa da garinsu da lambar wani nasa, a rubuta a littafin ƙungiya, ya kuma riƙa kiran sa cin abinci. Na uku, a walimar Salla kowa ya gayyato maƙwabcinsa ko abokin cinikinsa ɗan gari, mu ma in sun kira mu suna ko aure mu je, kada mu aika da uzuri. Na huɗu, a samu wata yamma a mako a tara yara a yi musu tatsuniya da kacici-kacici da karatun Hausa, don Yarabanci da Turanci za su same su a titi da makaranta, Hausa kuwa in ba a gida ba, babu inda za su same ta.

'Yan'uwa, an ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gaskiya ne, amma Allah da ya kawo mu nan ya ba mu wani gidan, a nan muke neman halaliyarmu, a nan da yawanmu za a binne mu. Mu riƙe na can da hannu ɗaya, mu riƙe na nan da ɗayan. In na yi kuskure ko na taka wani, a yafe mini, tsufa ne. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya albarkaci kasuwanninmu, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da Ibadan da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Na ga masu rabon fura sun fara harara ta, bari in zauna.