A Fara Zana Motsi Kafin Fuska

Malam Shugaba, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina gaisuwa.

An ce in yi bayanin sana'ata, wato fim ɗin zane mai motsi, wanda yara ke kira katun. 'Yan ajinmu ba za su manta da bulalar da na sha saboda zane a bayan littafin lissafi ba. To, Malam, a gafarce ni, har yau ban daina ba.

Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowane sakan. Galibi zane 12 muke yi, a nuna kowanne sau biyu, wato minti ɗaya zane 720 ke nan. Saboda haka abin da ake fara koya shi ne a dubi mutum yana tsakiyar aikinsa, a kama shi a takarda cikin sakan 30. Layi ɗaya za ka ja, daga ƙeya, ya bi kashin baya, ya sauka a ƙafar da nauyin jiki ke kanta. Sannan kafaɗa da ƙugu. Fuska kuwa sai in lokaci ya ragu.

Ni a tashar motar Dutsin-Ma da kasuwar Kurfi na koya. Can na lura ɗan dako in ya saɓa buhun gero, jikinsa ɗaya gefen yake karkata. Wata rana na zana wata tsohuwa zaune ta yi tagumi, ban sa mata ido ko baki ba. Da mahaifiyata ta gani sai ta ce, "Wayyo, rasuwa aka yi mata?" Ran nan na san hannuna ya fara faɗawa.

Ba mu muka fara ba. Kamfanin Disney a Amurka ya buɗe wa ma'aikatansa ajin zane tun 1932. Kusa da mu kuma ga marigayi Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya zauna a Tawa. A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, inda kwaɗi ke kwaikwayon shugabanni. Ya rasu a 2015.

Abin da ke damuna shi ne, samarinmu suna kawo mini finafinan da suka haɗa da kwamfuta. Sai ka ga yaro sanye da kaftani da hula, amma yana gaida mahaifinsa a tsaye ƙiƙam, hannu a aljihu. Ba su taɓa zama sun zana yadda ake durƙusawa ba, ko yadda mace ke riƙe haɓa in mamaki ya kama ta, ko yadda ɗan dambe ke ja da baya kafin ya kai naushi.

Roƙona ga ƙungiya ƙarami ne: a sayi takarda da fensir. Ni kuma zan riƙa zuwa Asabar ɗaya a kowane wata, in shugaban makaranta ya yarje mini in fita da yara goma zuwa tasha.