Keke: Amfaninsa da Yadda Ake Hawansa Lafiya

Da na iso ɗazu na ƙirga kekuna tara jingine a gindin darbejiyar ƙofar aji. Na duba su ɗaya ɗaya. Uku kaɗai ke da fitila, biyu kuwa ba su da birkin baya sam. Saboda haka yau maganarmu a kan keke take.

Keke ba tsohon abu ba ne ƙwarai. A shekarar 1817 wani Bajamushe ya ƙera na katako, ba feda, sai mahayi ya riƙa tura ƙasa da ƙafafunsa. Irin wanda muke hawa yau, mai sarƙa da ƙafafu biyu tsawo ɗaya, a Ingila aka fito da shi a 1885. A 1888 kuma wani likitan dabbobi, John Dunlop, ya fito da tayar roba mai iska. Tun daga nan keke ya bazu cikin duniya har ya iso gare mu.

To, mene ne amfaninsa? Na farko, yana rage nisa. Mai tafiya a ƙasa yakan ci kamar kilomita 5 a awa ɗaya, mai keke kuwa yakan ci 15 ba tare da ya wahala ba. In gonarka tana da nisan kilomita 10, a ƙasa sai ka yi awa biyu, a keke kuwa minti 40 ya ishe ka. Ka isa da sanyin safiya, da sauran ƙarfinka.

Na biyu, yana tsimin kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowa ya san yadda kuɗin mota ya tashi. Mu yi lissafi tare. A ce kana biyan naira 500 kullum zuwa da komowa, kwana shida a mako. Naira 3,000 ke nan a mako, 12,000 a mako huɗu. Keke kuwa ba ya shan mai, ba ya cin dusa. Abin da yake nema iska, da ɗan mai a sarƙa, da kuɗin faci jefi jefi.

Na uku, yana ƙara lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata baligi ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako. Wanda ke taka keke rabin awa kullum ya cika wannan har da ƙari. Zuciya tana ƙarfi, kuma yana taimakawa wajen kare mutum daga hawan jini da ciwon sukari.

Amma ku saurara da kyau. Mai mota ƙarfe ne ya kewaye shi, mai keke kuwa jikinsa ne a fili. Bara wani magidanci daga cikin 'yan ajinmu na wani ƙauye ya taso daga kasuwa bayan magariba, ba fitila, yana sanye da baƙar riga. Mota ta zo ta bayansa, direba bai gan shi ba sai da ya buge shi. Allah ya yi da sauran kwana, amma ya karye a cinya. Wata huɗu yana kwance, damina ta wuce bai yi noma ba, hatsin gidansa ya ƙare. Kuɗin fitila bai kai kuɗin jinyar kwana ɗaya ba. Don haka ga abubuwan da nake so ku riƙe.

Kafin ka hau, matsa birkin gaba da na baya ka ga suna kamawa, ka taɓa taya ka ji da iska. In robar birki ta cinye, a sake ta ran nan. Tsayar da keke da dunduniya ba dabara ba ce.

Ka bi hannun dama. Dattawa a cikinku za su tuna dā hagu ake bi, amma tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma dama. Kada ka tari motoci gaba da gaba don gajerta hanya.

In za ka juya, waiwaya tukuna, sa'an nan ka miƙa hannu wajen da za ka. In mararraba ta cika da motoci, sauka ka tura. Ba abin kunya ba ne.

Ka yi nesa da babbar mota. In kana gefenta direba ba ya ganinka, in kuma ta sha kwana bayanta yakan matso ya matse na kusa. Kada ka kama jikinta don ta ja ka.

Da dare, ko ranar da hazo ya yi yawa, sa farar fitila a gaba, ja a baya, ka sa tufafi masu haske. In an yi ruwa birki ba ya kamawa da wuri, sai ka rage gudu. Kada ka danne birkin gaba shi kaɗai a gangare, sai ya kifar da kai.

Ka tattare babbar riga kada ta shiga sarƙa. Kaya kuwa a ɗaure su tamau a kariya, kada su yi faɗi. In ka goya yaro, lura da ƙafafunsa kada su shiga cikin ƙafar keke. Kada ka yi magana a waya kana tafe. Wanda ya sami hular kwano ya sa, domin rauni a kā ya fi kowane rauni haɗari.

Mako mai zuwa zan sake zagayowa, zan kuma sake duba kekunan nan tara. Ina so in tarar da fitila tara, da birki goma sha takwas masu kamawa. Allah ya kai kowa gida lafiya.