Makeron Kan Yara da Gwajin Likita

Gaisuwa ta musamman ga matan Bagwai da ƙauyukan bakin dam ɗin Watari.

Yau a kan makero za mu tattauna. Sau da yawa makero da kirci kan yi kama a ido. Shi ya sa likita ke kankaro ɗan ɓawon fata daga gefen wurin, ya ɗora a gilashi, ya ɗiga sinadarin da ke narkar da ɓawon, sannan ya duba a madubin likita. In makero ne, zai ga ƙwayar cutar kamar zare.

Wannan aiki koyonsa ake yi. A makarantun likitanci da dama a duniya, musamman tun kullen korona na 2020, ɗalibi kan fara gwadawa a kwamfuta. Za a nuna masa hoton fata, ya zaɓi inda zai kankara, ya faɗi abin da ya gani. In ya kuskure ya sake, babu wanda ya ji ciwo. Amma hannu ba ya faɗawa sai a gaban majinyaci, kamar yadda ɗaliban Jami'ar Bayero ke koyo a Asibitin Malam Aminu Kano.

To uwargida, ga naki aikin. Kada ki shafa wa yaro magani kafin gwajin, don yakan ɓoye ƙwayar cutar. Makeron kai sai da maganin sha na makonni. Ki ware masa matajinsa da hularsa, ki kuma lallaɓa maigida ya kai shi asibiti da wuri.

Allah Ya raya mana zuri'a. Mu huta lafiya.