Ƙwaya da Daba da Siyasa: Jawabin da Akawun Jam'iyya Ya Yi wa Taron Reshen Sharaɗa da Calawa da Bompai



An umarce mu a ofishin jam'iyya mu yi muku bayani a kan sha'anin ƙwaya da daba, da yadda suka haɗa kai da siyasa a birnin nan. To, amma kafin mu shiga zancen gida muna roƙonku ku yi haƙuri mu kai ku wata ƙasa mai nisa, a Amurka ta Kudu, ana ce da ita Kolombiya. Kada wani ya ce ina ruwanmu da su. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A cikin ƙasar nan akwai wani birni sunansa Medelin. Da can garin masaƙu ne, kamar yadda Kano take, dubban mutane na cin abinci a kamfanonin saƙa. Daga wajen ƙarshen shekarun 1970 sai masaƙun suka fara ja da baya, yadin fasa-ƙwauri ya cika kasuwa, aka yi ta sallamar ma'aikata. Samari suka tashi suka tarar ba aikin da iyayensu suka yi. Ana nan sai ga wani mutum, Pablo Escobar, mai fataucin hodar iblis zuwa Amurka. Ya gina wa matalauta gidaje, ya yi wa samari filayen ƙwallo, ya yi ta rabon kuɗi a unguwanni, har a shekarar 1982 ya sami shiga majalisar wakilan ƙasar. Ku lura da wannan da kyau, jama'a. Ba da bindiga ya shiga majalisa ba, da ƙuri'ar talakawa ya shiga.

Da ministan shari'a Rodrigo Lara Bonilla ya tona masa asiri, sai aka aiko samari biyu a kan babur suka harbe shi cikin watan Afrilu 1984. Daga nan fa aka buɗe ƙofa. Alƙali ko ɗan sanda ko ɗan jarida, zaɓi biyu ake ba shi, watau azurfa ko darma: ko ya karɓi kuɗi ko ya karɓi harsashi. Cikin Agusta 1989 aka harbe Luis Carlos Galan a kan dandamali, yana shirin yi wa jama'a lacca, alhali kowa ya san shi ne zai ci zaɓen shugaban ƙasa. Kafin zaɓen 1990 'yan takarar shugabancin ƙasa uku aka kashe. A shekarar 1991 kaɗai an kashe fiye da mutum 6,000 a birnin Medelin. Shi kansa Escobar an harbe shi a kan rufin gida cikin Disamba 1993, amma tsugune ba ta ƙare ba, gama wasu suka gaji cinikin. Har cikin watan Yuni 2025 wani yaro ɗan shekara goma sha ya harbi Sanata Miguel Uribe a wurin lacca a Bogota, bayan wata biyu ya cika.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, mu 'yan hamayya. A ƙasar an yi wata jam'iyyar talakawa, Union Patriotica, wadda aka kafa a 1985. 'Yan ta'addan masu ƙwaya da masu gonaki, da wasu daga cikin jami'an tsaro, suka bi 'ya'yanta ɗai-ɗai, kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomi da masu ajiyar littafi irinmu, suna kashewa. A 2023 kotun kare haƙƙin bil'adama ta ƙasashen Amurka ta yanke hukunci cewa laifin yana wuyan gwamnatin ƙasar, ta kuma ƙidaya waɗanda abin ya shafa fiye da 6,000. Ashe duk sa'ad da kuɗin ƙwaya da makami suka shiga siyasa, jam'iyyar da ba ta da mulki ita ce take fara kwana a ciki.

To, mu dawo gida. Ba mu ce Kano ta zama Medelin ba, kada a je a yi mana ƙarya. Ba a noman ganyen koka a nan, kuma dilolinmu ba su kai waɗancan ƙarfi ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, bangon kuwa iri ɗaya ne.

Da yawa daga cikin dattawan da ke zaune a nan sun ga lokacin da Bompai da Sharaɗa da Calawa suke raye. Jiniya ta kaɗa, masu aikin dare su fito, masu aikin safe su shiga, kekuna har ba masaka tsinke. Masaƙar Gaskiya, masaƙar Bagauda, majemu, kamfanonin man gyaɗa, na alewa, na roba, na tasoshi. Mai koko da mai tuwo da mai faci da mai shayi duk a ƙofar kamfani suke samun na cefane. Sa'an nan aka kawo tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka gagari saye, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, yadin waje kuma ya cika Kantin Kwari. Yau ku bi layukan Sharaɗa ku gani da idonku. Wasu kamfanonin na nan suna fama, Allah ya ƙara musu ƙarfi, amma nawa ne suka koma sito, nawa ne ciyawa ta cinye ƙofarsu? Yaran da suka koma acaɓa, shi ma aka hana shi a farkon 2013. Ba mu musa dalilin tsaro da aka bayar ba, amma me aka ba su a madadinsa?

Cikin wannan kangon ne ƙwaya ta sami masauki. Wani bincike da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, a Jihar Kano kuwa kashi 16 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, watau sama da mutum miliyan ɗaya. A shekarar ce gidan rediyon BBC ya nuna yadda ake fitar da maganin tari mai kodin ta bayan fage ana sayar wa samari da 'yan mata da matan aure, cikin 'yan kwanaki gwamnatin tarayya ta hana shigowa da shi da yin sa. Madalla. Amma mu tambaya, kafin Turawa su ɗauki hoto, mahukuntanmu ba su gani ba ne? A 2017 ma an ta da maganar a Majalisar Dattawa. Mu da muke share kwalabe a bakin kwata kowace safiya ai mun riga kowa sani.

Yanzu ga inda zancen ya fi ɗaci. Daba ba baƙuwa ba ce a siyasar Kano. Dattawanmu sun ba mu labarin 'yan mahaukata da aka riƙa sakar wa 'yan NEPU a shekarun 1950, ana dukansu don sun ce Sawaba. Ranar 10 ga Yuli 1981 an kashe Dokta Bala Muhammad a gidansa cikin tarzomar da aka yi a birnin nan. Cikin Maris 2019 kuwa, a zaɓen cike gurbi na gwamna, mazaɓar Gama da ke nan kusa da Bompai ta ga abin da ta gani, har masu sa ido na ƙasashen waje suka rubuta shi a rahotonsu. Abin da ya sāke a yau shi ne ƙwaya. Ɗan daban da, ko ba kome, yana da mai gida a unguwa, yana jin kunyar dattijo. Na yanzu kuwa da asuba ake tara su a bayan mota, a raba musu ƙwaya da 'yan kuɗin da ba su kai na buhun gero ba, a ba su gora da barandami. Yaron da ya haɗiyi ƙwaya biyar ba ya gane limamin unguwarsu, balle maƙwabci.

In zaɓe ya wuce fa? Mai girma ya shige ofis, an sa masa 'yan sanda a ƙofa. Yaron kuwa an bar shi da jaraba a jiki da wuƙa a ƙugu. Wa zai biya masa kuɗin ƙwayar gobe? Ke ce, uwa, da aka ƙwace wa waya a cikin Adaidaita Sahu. Kai ne, ɗan tebur, da ake karɓar kuɗin dole a hannunka da magariba. Ma'aikacin majema ne da ya tashi aikin dare a Calawa aka tare shi a hanya ranar da aka biya albashi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. In an yi kame, 'ya'yan talakawa ake jerawa a gaban masu ɗaukar hoto, an zube musu wuƙaƙe a gaba. Ba mu taɓa ganin an jera wanda ya saya musu wuƙaƙen ba.

Kada ku zaci hukunci mai tsanani kaɗai yake maganin abin. Cikin Afrilu 1985 gwamnatin soja ta harbe mutum uku a Ikko saboda hodar iblis. Bayan shekara huɗu, a 1989, sai da aka kafa hukumar NDLEA, domin cinikin bai tsaya ba. Muna yaba wa ma'aikatanta masu gaskiya. Cikin Satumba 2022 sun kama hodar iblis tan 1.8 a wani sito a Ikorodu. Amma ku tambayi kanku, kaya mai yawa haka, ta wace ƙofa ya shigo, wa kuma ya kau da kai?

Wannan ya kawo mu ga sha'anin ƙasashen waje. Hodar da ake yi a Kolombiya da maƙwabtanta, wani kaso nata ta Afirka ta Yamma yake bi zuwa Turai, wani ta teku, wani ta hamada. Cikin Janairu 2022 an kama kilo 214 a motar wani shugaban ƙaramar hukuma a arewacin Nijar. Kun ji ko, motar hukuma. Ƙwayar da ke cin yaranmu kuma, irin su tiramadol, mafi yawanta daga Indiya take zuwa cikin kwantena. Mu ba mu yi ta ba, ribar ba tamu ba ce, gawa da mahaukata ne rabonmu. Kun tuna kuma da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018, aka tsare ta wata huɗu, ashe a filin jirgin saman Kano aka liƙa sunanta a jakar ƙwaya ba da saninta ba. Kowane alhaji da kowane ɗan kasuwa mai fita waje yana biyan wannan bashi a bakin iyaka, ana zazzage masa kaya ana yi masa kallon ɓarawo.

Wasu na cewa a kira manyan ƙasashe su zo su yi mana magani. To, Kolombiya ta gwada. Daga shekarar 2000 Amurka ta zuba mata kimanin dala biliyan 10, galibi na jiragen yaƙi da soja, aka yi ta fesa guba daga sama a kan gonakin manoma har 2015. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya hekta 253,000 na gonakin koka, fiye da abin da ake da shi kafin a fara. Cikin Satumba 2025 kuma Amurka ta sa Kolombiya cikin ƙasashen da ta ce sun gaza, alhali babbar kasuwar hodar tana cikin Amurka ɗin. Mu ma an yi mana irin wannan tambari a 1994, zamanin mulkin soja. Ba mu ƙi taimako ba, amma taimakon da zai tsaya ga bindiga, bai taɓa mai saye ba, bai kuma ta da injin ko ɗaya a Sharaɗa ba, mun ga ƙarshensa a wani wuri.

Saura mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da za ta ɓata wa wasu rai a cikin ɗakin nan. Ba masu mulki kaɗai suke haya ba. A zaɓen da ya wuce wasu daga cikinmu sun zo ofis suna cewa in ba mu nemi namu yaran ba za a ɗauke mana akwati. Mun ji zafin maganar, gama mu ma an fasa mana kai a rumfar zaɓe. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da muka karɓi gudummawar dilan ƙwaya, ran nan muka sayar masa da kansilanmu tun kafin a rantsar da shi. A Kolombiya kuɗin masu hoda na birnin Kali sun shiga yaƙin neman zaɓen 1994, shugaban da ya ci kuwa bai sake samun sukuni ba har ya sauka.

Saboda haka ofis ya kawo shawara gaban wannan reshe, ku ne kuma za ku amince ko ku ƙi. Duk ɗan takarar da aka tabbatar ya raba ƙwaya ko makami, a janye masa tuta, ko da shi ne mai ɗauke mana kuɗin haya. Kowace gudummawa, daga ta mai goro har ta mai kanti, a rubuta ta a littafi a karanta a gaban taro. Akwatunanmu kuwa mu tsare su da yawanmu, dattawa da mata a gaba, tun daga jefa ƙuri'a har a gama ƙirga.

'Yan'uwanmu masu kantin magani, mun san tun da aka mai da masu sari Dangwauro a 2024 da yawa daga cikinku sun sha wuya, kuma mafi yawanku mutanen kirki ne. Amma kun fi kowa sanin wanda yake sayar da katan-katan da daddare. Ku ware shi daga ƙungiyarku kafin ya jawo muku a rufe muku duka. Iyaye mata, kada ku ɓoye yaro don jin kunyar maƙwabta, kuma kada ku kai shi inda za a sa masa mari a yi ta bugu. Akwai asibitin masu taɓin hankali a Dawanau, a kai shi likita ya duba shi.

Daga gwamnati kuwa abin da za mu nema a rubuce shi ne wutar lantarki tsayayya a Bompai da Sharaɗa da Calawa, da kuma a gurfanar da masu ɗaukar nauyin daba da sunayensu, ba yaransu kaɗai ba. Domin takardar ta yi nauyi muna bukatar sunan kowane kamfani da aka rufe a layinku, da abin da yake yi, da kimanin mutanen da ya sallama. Littafin yana ofishin reshe daga bayan la'asar har isha'i. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya faɗa mu rubuta masa. Shugaba, mun gama, sai a ba jama'a dama su yi tambaya.