Kafin Ka Ajiye Waya Ka Kwanta

 

A 2025 mu Kirista mun yi azumin kwana arba'in. Mun fara ranar Larabar Toka, 5 ga Maris, muka kai har Ista, 20 ga Afrilu. In ka ƙirga za ka samu kwana 46, don ba a lissafa ranakun Lahadi guda shida. A wannan shekarar kuma 'yan'uwanmu Musulmi sun ɗauki azumin Ramadan tun 1 ga Maris. Wato Kaduna kudu da arewa kowa ya yi azumi lokaci guda.

Tambayar da muka saba yi wa juna ita ce, "Me ka bari bana?" Wani nama, wani giya, wata ta ce TikTok. Madalla. Amma yau ina so mu yi maganar wata addu'a ta minti 15 da ake yi da dare, wadda ake kira binciken zuciya.

Wanda ya tsara ta shi ne Ignatius na Loyola, sojan ƙasar Sifen. A 1521 harsashin igwa ya farfasa masa ƙafa a yaƙin Pamplona. Yana kwance yana jinya sai ya lura da wani abu: akwai tunanin da ke faranta masa rai na ɗan lokaci, sannan ya bar shi a bushe, akwai kuma wanda ke barinsa da kwanciyar hankali. Daga nan ya fara bin diddigin zuciyarsa. Littafinsa ya fito a 1548, har yau ana amfani da shi.

Matakai biyar ne. Na farko, ka gode wa Allah, amma ka ambaci abu takamaimai: mai Keke ya dawo maka da canjinka, an kawo wuta ka yi caji. Na biyu, ka roƙi haske, don mutum gwani ne wajen wanke kansa. Na uku, ka bi yininka awa bayan awa, tunani, magana, da aiki. Na huɗu, ka nemi gafara. Na biyar, ka ɗauki niyyar gyara abu ɗaya gobe, ka rufe da Addu'ar Ubangiji.

To, a mataki na uku nake so mu tsaya. Mu matasan yanzu rabin yininmu a cikin waya yake. Saboda haka in za ka bi yininka da gaskiya, buɗe WhatsApp da Facebook ka duba. Me na tura yau? Hoton nan na gawarwaki da na watsa a rukunin matasan coci, na tabbatar daga ina yake, ko ta yaushe ne? Wanda na zaga a ƙasan rubutunsa, don abin da ya faɗa ne, ko don sunansa ya nuna min addininsa?

Ba wasa nake ba fa. Garin nan ya san farashin magana. Rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 ne ya kwashe iyalai, wasu suka tsallako kudu, wasu suka koma arewa, kogi ya zama iyaka. Na Nuwamban 2002 kuwa, rubutu ɗaya a jarida ne ya kunna shi. Da yawanmu muna yara lokacin, amma mun tashi a unguwannin da wannan wuta ta zana. Yau kowannenmu jarida ce a aljihunsa, ba edita, ba mai tsawatarwa. Editan da ya rage shi ne minti 15 ɗin nan, kai da Allahnka.

Wani zai ce, "Ana sace mutanenmu a hanya, kai kana cewa mu zauna mu yi tunani?" Ɗan'uwa, fushinka gaskiya ne, kuma neman adalci wajibi ne. Binciken zuciya ba ya ce ka yi shiru. Yana tambayarka ne kawai: fushin nan wa ya dosa? Mai laifin, ko mai shayin bakin layinku da bai san hawa ba bai san sauka ba?

'Yan'uwa Musulmi ma sun san wannan, su suna ce masa muhasaba. Ku tambaye su.

Ga aikin makon nan: dare bakwai, minti 15, kafin barci. In ka samu saƙon da bai kamata ba, goge shi, ka faɗa wa rukunin dalili. Ku rubuto mana yadda ta kaya.

Sai mako mai zuwa. Allah ya karɓi azuminmu, ya zaunar mana da Kaduna lafiya.